Fito A Ƙasar Gobir: Jirgi Na Nan, Tasha Ce Babu

Da zarar ruwan watan Agusta ya kankama, ƙasar Isa da ta Sabon Birni sai su sake kama. Gulbin da yaro ke ƙetarewa da ƙafa a tsakiyar bazara, yana kora awaki bisa rairayi, sai ya cika ya batse, ya malala cikin fadamu, ya raba ƙauye da kasuwarsa, ya raba manomi da gonarsa, ya raba mai naƙuda da asibiti. Tun daga wannan lokaci har shigowar kaka, kwalekwale shi ne gada, shi ne motar kasuwa, shi ne kuma motar ɗaukar marasa lafiya. Galibi ana shigarsa ne babu tikiti, babu mai ƙidaya kawuna, a wani ɗan gangare da ƙafafun mutane da kofatan dabbobi suka share da kansu. Wannan gangare shi ake kira mashigi, kuma a nan ne yawancin haɗarin jirgi ke samo asali, tun jirgin bai bar gaɓa ba.

Ruwan da ke wannan aiki ba na sararin Gobir ba ne shi kaɗai. Gulbin Gagare yana gangarowa ne daga tudun Zamfara ta wajen Ƙauran Namoda, Gulbin Bunsuru kuwa daga ƙasar Katsina, su haɗu a yankin Isa su zama Gulbin Rima. Na uku shi ne Gulbin Maraɗi, wanda bai san kan iyaka ba: ya taso daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya ya shiga Jamhuriyar Nijar, ya ratsa ta gefen Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sa'an nan ya komo Nijeriya ya zuba a Rima kusa da Sabon Birni. Daga nan Rima ya karkata ya nufi Goronyo da Wurno, ya haɗu da Gulbin Sakkwato, su wuce Argungu da Birnin Kebbi, su je su faɗa Kwara. Saboda haka mutumin Sabon Birni yana iya wayar gari sama tas, babu ko gajimare, ya tarar gulbi ya hau cikin dare, domin ruwan da aka sha jiya a ƙasar Zamfara ko ta Katsina ne ya iso.

Gobirawa sun daɗe da sanin darajar wannan kwari. A gefensa Sarkin Gobir Babari ya kafa Alƙalawa a tsakiyar ƙarni na 18, birnin da Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki a cikinsa, wanda kuma ya faɗa hannun masu jihadi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri a bakin Gulbin Maraɗi. Da rigimar gida ta raba 'yan sarki, Ɗan Halima ya baro Tsibiri da jama'arsa ya zo ya gina Sabon Birni, ba nisa da kufan Alƙalawa. Watau dai duk inda sarautar Gobir ta koma tun zamanin Babari, ba ta rabu da bakin wannan ruwa ba.

Dalili kuwa a fili yake ga wanda ya san abin da ke bayan kwarin. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya shiga ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya bi ta Isa a 1853 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato. Daga nan ayarinsu ya kutsa dajin Gundumi, suka yi tafiyar yini da kwana ba su ya da zango ba, saboda rashin ruwan sha a dajin da kuma tsoron harin Gobirawa, sai da suka fito suka tarar da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya yi sansani a Gawasu. Fiye da shekara 170 bayan wannan, sunan Gundumi bai daina tayar wa direbobin hanyar Isa hankali ba, ko da yake maharan yanzu wasu ne dabam.

Amma kada mai karatu ya ɗauka cewa an taɓa yin safarar jirage mai nisa a wannan sashe na gulbin. Ruwan na 'yan watanni ne, sauran shekara rairayi ne da tafkuna nan da can. Sana'ar ruwa a nan ita ce su da fito. A da, inda babu jirgi, mai fito yakan zuba kayan matafiyi a cikin babban masaki, matafiyin ya riƙe bakin masakin, shi kuma ya tura su yana iyo, doki ko sa na ninƙaya a gefe. Inda akwai jirgi, na sassaƙe ne daga gungumen maɗaci ko ƙawo, a tura shi da gwangwala inda ƙasa ke kusa, a koma ga filafili inda ruwa ya yi zurfi. A biya kuɗin fito, kowa ya kama gabansa.

Tafiya Mai Zango

Tafiyar ruwa irin wadda ake kwana a wannan gari a wayi gari a nufi na gaba, sai an gangara ƙasa ake samunta, daga wajen Argungu da Birnin Kebbi da Jega zuwa Kwara. Ita Kwara cika biyu take yi a shekara. Akwai farin ruwa, wanda daminar ƙasar nan ke kawowa tsakanin Agusta da Oktoba, akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga duwatsun ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali, bai iso wajen Yawuri ba sai cikin sanyin hunturu. Wannan ne ya sa jiragen fatake ke samun ruwan tafiya a mafi yawan shekara. Suna gangarawa da kanwa da fatu da busasshen kifi da tufafi, su hauro da goro da kayan kudu. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Jabba a 1909, sai kwalekwale ya zama shi ke kai masa kaya daga ƙasashen Gwandu da Yawuri.

Wannan safara ba a kara zube take ba. A ƙasar Nufe akwai al'ummar Kede, masu jirage, waɗanda shugabansu mai sarautar Kuta ke zaune a Muregi, inda Kogin Kaduna ya haɗu da Kwara. Sun kafa tashoshi a jere bisa gaɓar kogin, kowace da wakilin Kuta, inda matuƙi zai tsaya ya biya abin da aka yanka masa, ya kwana, ya ji labarin ruwan da ke gabansa. A ƙasar Kabi kuwa akwai Sarkin Ruwa, wanda har yanzu shi ke fara duba Matan Fada kafin a ba masunta izinin faɗawa a bikin kamun kifin Argungu. Abin da zango yake ga ayarin madugu a tudu, shi tasha take ga mai jirgi: wurin kwana ne a inuwar wani gari mai sarki, wurin da akwai wanda zai ce "yau ba a tafiya" a kuma ji maganarsa.

Tarihin Turawan da suka bi Kwara ma ya nuna haka. Mungo Park ya taso daga Sansandin a ƙasar Mali a ƙarshen 1805, ya ɗauki aniyar ba zai riƙa tsayawa a garuruwa ba, duk kwalekwalen da ya matso kusa sai a buɗe masa wuta. Ya ci nisa ƙwarai, ya wuce Tumbutu da Gawo, ya iso Yawuri inda ɗan jagoransa ya rabu da shi, amma bai wuce duwatsun Busa ba. A can ruwa ya ci shi a 1806. 'Yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, da suka zo a 1830, sai suka bi ta hannun sarakuna, suka roƙi jirage, suka yi ta kwana gari-gari, har suka ga inda Kwara ta faɗa teku a watan Nuwamba na shekarar. Tafiya sannu sannu, in ji Bahaushe, kwana nesa.

Marinar Da Ba A Rini

In aka ce marina a Sakkwato, hankalin kowa zai tafi ga karofi da baba da masu tsoma zane, domin akwai unguwa guda mai wannan suna a cikin birni. A bakin mutanen Turai kuwa kalmar na nufin tashar ƙananan jiragen ruwa, kuma daga irin wannan ma'ana ta bakin teku titin Marina na Ikko ya sami sunansa. Kalmomin biyu ba su haɗa dangi ba, faɗuwa ce kawai ta zo daidai da zama.

A gaɓar Bahar Rum, a ƙasashen Faransa da Italiya da Girka da Turkiyya, yawo cikin ƙaramin jirgi daga wannan gari zuwa wancan ya zama babbar hanyar hutu, wadda garuruwa da yawa ke ci daga gare ta. Iyali ko abokai su yi hayar jirgi na mako guda, su riƙa tashi da hantsi. Jirgi mai tafiya da iska ba ya cika wuce kilomita 10 zuwa 12 a awa, don haka tafiyar yini ba ta da tsawo, kuma kowa ƙoƙarinsa ya shiga tasha tun rana ba ta faɗi ba. Tashar a bayan wani bangon duwatsu take, wanda ke tare igiyar ruwa. Kafin matuƙi ya shigo sai ya kira ofishin shugaban tasha ta rediyo, a nuna masa gurbin da zai ɗaura jirginsa, a rubuta sunan jirgin, a caje shi gwargwadon tsawonsa. Akwai famfo, da lantarki, da wurin shan mai, da makewayi. A ƙofar ofis ana liƙa hasashen iskar gobe, in an ga guguwa na tafe sai matafiya su ƙara kwana. Akwai kuma layin rediyo na 16, wanda duniya ta keɓe domin kiran neman agaji. A ƙasar Masar irin wannan yawo ake yi a Kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan, tafiyar kwana uku ko huɗu, ana tsayawa a Edfu da Kom Ombo.

Ba wanda zai ce a gina wa Gatawa ko Bafarawa irin wannan tasha ta masu hannu da shuni. Amma in aka cire lantarkin da kantunan, abin da ya rage ba baƙo ba ne: wuri tabbatacce na shiga da fita, mutum mai iko a wurin, littafin da ake rubuta jirage, labarin ruwa kafin a tashi, da masaukin wanda dare ya riska. Duk waɗannan Kuta na Muregi ya san su tun ba a ƙera injin jirgi ba. Abin takaici shi ne, masu yawon shan iska sun riƙe wannan tsari kam, alhali waɗanda ke shiga ruwa domin neman abin sawa a baka sun rasa shi.

Yadda aka rasa shi ba dare ɗaya ba ne. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, sai gyaɗa da audugar ƙasar Isa da Shinkafi suka juya can a bayan jakai da raƙuma, daga baya a cikin manyan motoci. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, ya rage ikon hakimai, tare da na masu riƙe da sarautun ruwa da ke ƙarƙashinsu, ba tare da an ɗora wani a gurbinsu a bakin mashigi ba. Sa'an nan ga madatsun ruwa: Kainji a 1968, Bakolori a 1978, Zobe a 1983, Goronyo a 1984, da ta Jibiya bayansu. Ta Goronyo, wadda ke hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, bango ne mai tsawon fiye da kilomita 12 da ya gitta kwarin Rima, yana iya tare ruwa fiye da mita miliyan 900 na awon cika. An gina ta domin noman rani da ruwan sha da rage ambaliya. Amma ta kuma haifar da wani makeken tafki a tsakanin mutanen da iyayensu ƙetare gulbi kawai suka sani, tafki mai faɗin da iska ke tayar masa da igiya, mai kututturan itatuwa a ƙarƙashi. Ambaliyar Satumba 2010, wadda ta cinye garuruwa a ƙasan madatsar ta kuma yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ta sa har malaman jami'a da ɗalibansu suka ɗanɗana fito a kwalekwale.

Gaba Kura, Baya Sayaki

A 'yan shekarun nan wani sabon dalili ya ƙara tura mutanen gabashin Sakkwato cikin jirgi. A watan Mayu 2020 'yan bindiga suka kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni. A Oktoba 2021 suka afka wa kasuwar Goronyo. A Disamba na wannan shekara suka tare motar matafiya 'yan Sabon Birni a wajen Gidan Bawa suka cinna mata wuta, fiye da mutum 20 suka ƙone. A 2024 suka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya kuma rasu a hannunsu cikin watan Agusta. Dubban mutane sun tsallaka zuwa Jihar Maraɗi tun daga 2019. Wanda ya ga hanyar mota ta zama haka, in gulbi ya cika ba zai ƙi gwada ruwa ba, ko domin yanke hanya zuwa kasuwa, ko domin gudun ceton rai.

Daminar 2025 ta nuna abin da ke biyo baya. Ranar Lahadi 17 ga Agusta, jirgi ɗauke da fiye da mutum 50 daga ƙauyen Kojiyo ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo, ma'aikatan Hukumar Agajin Gaggawa ta Ƙasa da masu ninƙaya na ƙauyuka suka yi kwanaki suna neman mutane. Kafin watan ya ƙare wani ya sake kifewa a Garin Faji cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, da mutanen da ke gudun 'yan bindiga. Jihar ba ta manta da Afrilu 2022 ba, lokacin da mutum 29, yawancinsu yara, suka mutu a ruwan Shagari. A maƙwabta kuwa, jirgin da ya nufi Wara ta Jihar Kebbi a Mayu 2021 ya tarwatse da mutane fiye da 150 a cikinsa. Na 'yan biki a Pategi a Yuni 2023 ya ci fiye da rai 100. Na masu komowa Maulidi a ƙasar Mokwa ya nutse a Oktoba 2024. Biyun na ƙarshe duk cikin dare suka auku.

Wanda ya bi labarin waɗannan haɗurra zai ga kusan abu ɗaya ake maimaitawa, kuma ba ya bukatar ilmi mai zurfi kafin a gane shi. Tsaron kwalekwale yana ga tazarar da ke tsakanin leɓensa da fuskar ruwa. Kowane buhu, kowane mutum, yana cin wani abu daga wannan tazara. In ta koma kamar faɗin tafin hannu, ƙaramar igiya ta isa ta tsallako ciki. Ruwan da ya shigo ya ƙara nauyi, jirgin ya ƙara nutsewa, igiya ta gaba ta shigo da wanda ya fi na farko. A da kaya buhu ne da ƙwarya, suna kwance a gindin jirgi. Yanzu har babura ake ɗorawa, su kuwa nauyinsu a sama yake, da jirgi ya ɗan karkata sai su rinjaye shi. Sai tsoro ya sa fasinja su miƙe tsaye, ko su rugo gefe guda, shi ke nan an gama. Galibin mata da ƙananan yara ba su iya iyo ba, shi ya sa su ne kan gaba a jerin mamata.

Akwai kuma maganar lokaci. Hadarin damina a ƙasar nan daga gabas yake tasowa, sau da yawa da la'asar ko da dare, kuma iska ce ke riga ruwan isowa. Wannan shi ne daidai lokacin da kasuwa ke watsewa. Ɗan kasuwar da ya ci Shinkafi ranar Alhamis ko Goronyo ranar Lahadi ba ya son ya kwana a bakin gulbi da kuɗi a aljihu, ba shi kuma da wani amintaccen ɗaki da zai shiga. Mai jirgi shi ma ya san wannan ne sawunsa na ƙarshe, ga mutane na roƙo, wasu 'yan'uwansa ne, wasu surukai. Da wane baki zai ce wa dattijon garinsu ya sauka? Nan ne rashin mai iko a mashigi ke kisa. Umurnin da mai jirgi ba zai iya bayarwa ba saboda kunya da kwaɗayin kuɗin fito, wani ne ya kamata ya ɗauke masa shi.

Ingila ta sha fama da irin wannan a zamanin da masu jiragen teku ke cika su da kaya har su nutse da ma'aikata. Wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya yi ta gwagwarmaya har aka kafa dokar 1876, wadda ta wajabta zana layi a jikin jirgi: in ruwa ya rufe layin, lodi ya wuce ƙa'ida. Har yau manyan jiragen duniya na ɗauke da wannan alama. Gwangwanin fenti guda ya isa a yi wa kwalekwalen mashigi guda irinta, kuma amfaninta shi ne ko wanda bai yi makaranta ba yana iya ganinta da idonsa ya ƙi shiga.

Alhakin Wa?

Doka dai ba ta yi ƙaranci ba. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Ƙasa, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, ita ke da iko bisa manyan hanyoyin ruwa, Kotun Ƙoli ma ta tabbatar mata da wannan a Janairu 2024 a shari'arta da Jihar Legas. Tun 2023 akwai ma'aikatar tarayya ta musamman domin harkokin teku da ruwa. Ƙa'idojin sufurin ruwa da hukumar ta fitar sun hana tafiyar dare, sun hana lodi fiye da kima, sun wajabta sa rigar ceto. An yi ta rabon waɗannan riguna a jihohi, ana ɗaukar hoto. Sai dai Lakwaja na da nisa da Tsamaye, kuma rigar da aka miƙa wa mutum ya kai gida, ranar da zai shiga jirgi tana rataye a ɗaki. Wurin rigar ceto shi ne rumfa a bakin mashigi, a karɓa a nan, a mayar a ƙetare.

Abin da ma'aikata da yawa ba su lura da shi ba yana cikin Tsarin Mulki na 1999. Jadawali na huɗu, inda aka lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ya ɗora musu ba da lasin kekuna da amalanke da baro da kwalekwale. Ashe ke nan rajistar jiragen da ke fito a Rima da Bunsuru aikin sakatariyar Isa ne da ta Sabon Birni, ba sai an jira kowa daga Abuja ba. Ƙaramar hukumar da ke iya tura mai yankan rasit kowace kasuwa tana iya tura mutum guda kowane babban mashigi na wata huɗu. Mafi dacewa da wannan aiki su ne waɗanda suka gaje shi, watau sarakunan ruwa da dattawan masunta, a ba su albashi da littafi da wayar hannu, a riƙa sanar da su in ruwa ya taso daga sama ko za a buɗe ƙofofin Goronyo. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke a Yuli 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, uzurin rashin kuɗi ya kamata ya ragu, in har hukuncin ya yi aiki.

Duk da haka akwai inda doka ba ta kaiwa, kuma bai kamata a ɓoye ba. Hana tafiyar dare magana ce da za a iya yi wa ɗan kasuwa, muddin an tanadar masa ɗakin kwana a gari mai jami'an tsaro, kamar yadda zangon da yake a gindin ganuwa. Amma ba za a yi ta ga matar da ta ji harbi a bayan gari ta saɓo goyo ta nufo gulbi ba. Ita ba ta zaɓi lokaci ba, ba ta kuma da halin jiran sawu na biyu. A irin waɗannan ƙauyuka abin da zai rage asara shi ne jirage fiye da ɗaya a ɗaure a gefen da mutane suke, da fitila, da igiya mai ƙarfi da aka ja daga gaɓa zuwa gaɓa inda gulbin bai yi faɗi ba, domin jirgi ya bi ta ko cikin duhu. Wannan duk rage zafi ne. Maganin na gaskiya yana hannun masu tsaron ƙasa.

Kada kuma a zaci ruwa mafaka ce daga bindiga har abada. A ƙasar Mali, inda manyan jiragen kamfanin gwamnati suka shekara da shekaru suna jigila tsakanin Kulikoro da Gawo a lokacin cikar Kwara, suna tsayawa Segu da Mofti da tashar Tumbutu, mutane sun koma ga jirgi ne sosai da hanyoyin mota suka gagara. Ranar 7 ga Satumba 2023 'yan bindiga suka harbi jirgin da ake kira Tumbutu daga gaɓa, ya kama wuta, mutane da dama suka hallaka. Rima bai kai Kwara faɗi ba ko kusa, kuma kwalekwalen da ke tsakiyarsa ba shi da inda zai ɓuya.

Ruwan Rima yakan fara ja da baya a watan Oktoba. Kafin tsakiyar rani mashigai da yawa sun koma rairayi, an jawo jirage tudu an kife su, masu fito sun koma lambun albasa da tafarnuwa a fadama. A waɗannan watanni ne motar yashi ke iya kai dutse da siminti har bakin gaɓa, a cikinsu ne kuma ake kammala kasafin kuɗin jiha da na ƙananan hukumomi.